Ciyawar Filin Ƙwallo

Gidan su Auta shi ne na ƙarshe a layinsu. Daga shi sai fili. Baba ya zaɓe shi ne saboda goɗiyarsa, Kili, da ɗan dukushinta. A cikin gari, kusa da masana'antar takalman da yake aiki, ko akuya ba ta da wurin juyawa.

Amma nisa ya fara cin Baba. Sai ya sauka daga wannan mota ya hau waccan kafin ya isa aiki. In ya dawo, ko takalmi ba ya cirewa. Lauje yake ɗauka, ya tafi yankan ciyawa.

Wata safiya Auta ta ji Umma tana cewa, "Baban Auta, dubi idonka. Yara ba sa ganinka, dokin ma ba ka hawa. Wa ke morar gidan nan? Direbobi?"

Baba ya ce, "Akwai wani gida kusa da aiki. Sai dai babu wurin kafa turke."

"To, Kili fa?"

"Sai a sayar."

Ranar Auta ba ta fahimci komai a aji ba. Da aka fita tara, ta ga an aske filin ƙwallo da inji. Ga ciyawa nan tsibi-tsibi, koriya shar.

"In na kai wa Kili wannan, Baba zai huta," in ji ta a ranta. "In ya huta, ba za mu tashi ba."

Ta danƙara ciyawar a buhu, ta bar shi a rana har aka tashi. Da ta kwance shi a gida, ciyawar ta yi zafi, tana ɗan warin tsami. Auta ba ta tambayi kowa ba. Ta juye wa Kili duka.

Kafin yamma Kili ta jiƙe da gumi. Tana tonon ƙasa da kofato, tana waiwayen cikinta. Ta kwanta, ta tashi, ta sake kwanciya. Dukushin sai zagaya ta yake yi.

Umma ta kira Baba a waya.

"Ina mota, hanya ta cushe, ba gaba ba baya," in ji shi. "Me ta ci?"

Auta ta karɓi wayar. "Baba, ni ce. Ciyawar makaranta na ba ta."

"Wadda inji ya yanka?"

"E."

"Wayyo, Auta! Guntu-guntu ce, doki haɗiye ta yake yi, ba ya taunawa. Sai ta kumbura masa ciki. Kuma doki ba ya amai. Kwashe sauran. Kama ragamarta ki yi ta zagayawa da ita. Kar ki bari ta yi birgima. Zan kira likitan dabbobi."

Auta ta ja, Umma ta tura. Suka yi ta zagaya turke. Hawaye ya hana Auta ganin gabanta.

"Kili, yi haƙuri," take cewa. "Don kar a sayar da ke na yi."

Likita ya iso a kan babur. Ya yi mata allura, ya zura mata tiyo ta hanci. Sannan ya ce, "Sai jira."

Baba ya shigo yana haki. Motar ya bari, ya ƙarasa da ƙafa. Ya dubi Kili, ya zauna a kan bokiti.

"Kin gani ko?" ya ce wa Umma. "In abu ya taso, ina can duniya. Ko ta warke, ba zan iya ci gaba a haka ba."

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Sai cikin Kili ya yi ƙugi. Ta ɗaga wutsiya, ta saki kashi tuli guda.

Likita ya tafa hannu. "Madalla! Ba kullum ake yi wa kashi barka ba, amma yau a yi!"

Har Baba sai da ya yi dariya.

Auta ta durƙusa gabansa. "Baba, so na yi ka huta."

Umma ta ce, "Yarinyar nan ta yi wauta, amma ta ga abin da ban gani ba. Wai lauje ɗaya ne a duniya? Koya mana mana."

Baba ya nuna musu ciyawar da doki ke ci da wadda ba ya ci. Umma ke yanka, Auta ke ɗauka, ta ba da ruwa, ta share turke. Maganar tashi ta mutu. Yanzu in Baba ya dawo, takalminsa yake fara cirewa.

Auta ta koyi cewa kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba. Kafin ka taimaka a aikin da ba ka sani ba, ka tambayi wanda ya sani.