Abin da Guntu Yake wa Gurnani

Duk wanda ya san Mai Faci a da, ya san shi ne a bakin titi, ƙarƙashin wata rumfar kwano, da famfon iska da bahon ruwan da yake tsoma taya ya nemo huda. Yana samun na abinci. Abin da ya hana shi sakat shi ne motocin mutane. Yana ɗaure musu taya yana haɗiyar yawu.

Wani direba ne ya kwatanta masa wurin wani boka mai ba da dukiya. Ɗaki ne a bayan wani kango, ba taga, sai fitila ɗaya a ƙasa. Bangon cike yake da baƙin zare a rataye, dogaye da gajeru, kowanne da ƙulli a ƙarshensa. Wurin yana ƙarnin tsohon jini.

"Tsaya gaban fitilar," in ji boka.

Ya ɗauko zare ya fara awo. Ko taɓa jikin Mai Faci bai yi ba, inuwarsa da ke bango ya auna daga kai har ƙafa, ya datse zaren da haƙori.

"Ni fa ba zan ba da kowa nawa ba," in ji Mai Faci.

"Wa ya tambaye ka wani? Inuwarka kawai zan ara, idan ka yi barci. Me kake yi da ita a lokacin?"

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Akwai kare a gidanka?"

"Akwai na 'yata Auta. Guntu sunansa."

Boka ya ƙulla zaren. "Ka riƙa ɗaure shi."

Kafin shekara ta zagayo, rumfar kwano ta zama kantin sababbin tayoyi, manyan motoci suka biyo baya. Ya gina gida mai dogon baranda a ciki, ɗakinsa a wannan ƙarshen, na mahaifiyarsa Inna da na ƙaninsa da na Auta a jere a wancan.

A gidan nan Guntu ya fara gurnani. Ba ya haushi. Da gida ya yi tsit sai ya je ƙofar Inna ya tsaya, gashin wuyansa a miƙe, yana wani gurnani daga can cikin ƙirji, har sai Mai Faci ya farka. Da ya farka kuwa sai karen ya yi shiru.

Ya zargi maigadi, ya kore shi ya ɗauki wani. Ya zargi maƙwabci, ya ƙara tsayin katanga. Har matarsa sai da ya fara kallo a kaikaice.

"Baban Auta, ko shi ma mota yake so a saya masa?" ta ce da dariya. Shi bai yi dariya ba.

Ranar da ya gaji, ya ja karen bayan gida ya ɗaure da sarƙa, ya yi barci mai daɗi. Da safe aka tarar da Inna ta rasu, ido a buɗe, tana kallon ƙofa. Aka ce tsufa ne.

Bayan zaman makoki Auta ta kwance karenta. Sai ya koma ƙofar ƙanin. Mai Faci ya sake ɗaure shi. Washegari ƙanin ya fito ba riga yana ihu yana rufe fuska da hannu. Idan ya ga yayansa sai ya shige ƙarƙashin gado.

"Karen nan mugun abu ne," in ji matar, yanzu ba dariya. "Duk ƙofar da ya tsaya sai masifa ta shiga. Jiya kuma da Auta ta sake kwance shi, a ƙofarta ya kwana."

Mai Faci ya miƙe. Nan take ya sa direbansa ya jefa Guntu a mota, ya ce a kai shi nesa da gari a yar.

Auta yarinya ce marar magana, sai dai kallo. Ta tsaya a bakin ƙofa tana hawaye har motar ta ɓace, sannan ta ce a hankali, "Baba, ba ni yake wa gurnani ba. Baya yake juya wa ƙofata. Ɗakinka yake kallo."

Sai a lokacin ya tuna da zaren, da kuma wanda ya fara ce masa ya ɗaure karen.

Ya kira direba ya ce maza a dawo da shi. Direba ya ce ai yana buɗe mota karen ya faɗa daji.

Daren nan ya barbaɗa toka a barandan daga ƙofarsa har ta Auta, ya zauna a kujera ya rantse ba zai runtsa ba. Ya wanke fuska, ya mintsini cinyarsa, ya ciji leɓe. Bai san lokacin da kansa ya langaɓe ba.

Hasken safiya ne ya tashe shi. A kan tokar akwai sawu, daga ƙafar kujerarsa ya fara. Sawun hagu babu ƙaramin yatsa, wanda ƙarfen taya ya datse masa tun yana rumfa. Ya duba tafin ƙafarsa, fes, ko ƙwayar toka babu.

Ya bi sawun da rarrafe. A ƙofar Auta ya tarar da Guntu a kwance, tafukansa sun farfashe saboda tafiya, haƙora a waje, ya mutu yana fuskantar ɗakin maigidan. Ta inda ya shigo, maigadi ma bai sani ba. Auta tana zaune a kan gado da ranta. Da ta ga ubanta sai ta ja bargo ta rufe kai, kuma daga ranar ba ta sake furta kalma ba.

Matar ta ɗauki 'yarta ta tafi, ba ta faɗa wa kowa inda za su ba. Ya koma kangon, ya tarar ba boka, ba fitila, ba zare. Kanti ya ƙone, motoci suka bi ɗaya bayan ɗaya, gida ya tafi.

Yanzu yana nan a tsohuwar rumfarsa, ido ja wur, yana marin kansa don kada barci ya ɗauke shi, don bai san iyakar nisan da inuwarsa ke iya tafiya ba. Karnukan unguwa idan sun zo wucewa sai su tsaya su yi gurnani, kuma ƙasa suke kallo, gefen ƙafarsa.

Kai da ke hangen na wani har barci ya ƙi zuwa, ka ji tsoron Allah ka riƙe halalinka. Duk wanda ya ce zai ba ka duniya a kan abin da ba ka amfani da shi, mutanen gidanka yake nufi.