Taku Ashirin da Ba a Share Ba

Auta ɗaliba ce a makarantar koyon aikin gandun daji. Da aka ba da dogon hutu, sai aka tura ta wani gandu ta koyi aiki. Ita kaɗai ce mace cikin ma'aikata tara. Kowa 'Yar Makaranta yake ce mata.

A gefen gandun akwai fili mai ƙananan bishiyoyin maɗaci ɗari huɗu. Wani tsohon ma'aikaci ne ya dasa su. Ana ce masa Baba Mai Dashe. Rani biyu ya yi yana kai musu ruwa a baro.

Wata safiya malamin daji, wato shugabansu, ya tara ma'aikata.

Ya ce, "Ciyawa ta bushe. Yau za mu share hanya mu kewaye filin Baba, faɗin taku goma. In wuta ta zo ta tarar da ƙasa tsirara, dole ta tsaya."

Ya raba wa kowa yankinsa. Na Auta yana bayan wani dutse, inda ba a hango shi daga hanya.

Ta yi ta yanka da lauje, tana ja da manjagara, har tafin hannunta ya ɗuri ruwa. Saura taku ashirin ta gama, sai ta ci karo da gidan rina a jikin wata ƙaya. Ɗaya ta harbe ta a wuya. Auta ta yar da lauje ta ruga.

Ta so ta je ta faɗa. Amma ta tuna ranar da ta yi ihu don ta ga damo. Mako guda aka yi ana yi mata dariya. Sai ta ja gyalenta ta rufe kumburin.

"Gobe zan dawo in ƙarasa," ta ce a ranta.

Da yamma malamin daji ya tambaye ta, "'Yar Makaranta, kin gama naki?"

"Na gama, Malam."

"Madalla. Kin fi wasu maza ma."

Washegari aka tura ta awon bishiyoyi a wani ɓangare. Rana ta uku ma haka. Kullum abin yana ranta, kullum tana ɗagawa.

Rana ta tara, da tsakar rana, mai gadin gandun ya bugo waya. Ya hango hayaƙi ta wajen dutse. Aka ɗebi shebur da jarkokin ruwa, aka sari ɗanyen ganye, kowa ya haye bayan mota.

Malamin daji ya ce, "Ku kwantar da hankalinku. Filin Baba a kewaye yake. Mu fara tare wutar ta wajen ƙauye."

Auta ta tuna da taku ashirin ɗin da ba ta share ba. Sai da mota ta yi nisa sannan ta buga rufin da hannu.

"Malam, a tsaya. Akwai inda ban share ba."

Ya leƙo ta taga ya dube ta. "Ina?"

"Bayan dutse. Taku ashirin."

Malamin daji ya sa direba ya juya.

Kafin su isa, wuta ta riga su. Ko'ina ta tsaya a bakin hanyar da aka share. Ta wurin Auta kaɗai ta shiga.

Suka jeru suna dukan wutar da ganye. Wasu na watsa ƙasa da shebur. Hayaƙi ya cika wa Auta ido, zafi ya gasa mata fuska, amma ba ta ja baya ba. Sai la'asar suka ci ƙarfin wutar. Bishiyoyi ɗari da talatin sun ƙone.

Baba ya shiga cikin tokar a hankali. Ya taɓa wani baƙin kara da ya rage a tsaye.

Ya ce, "Wannan har ya kawo min ƙirji."

Auta ta durƙusa a gabansa tana kuka. "Baba, ni ce. Rina na gani na gudu. Ka yafe min."

"Rina? Ai 'yata, da kin faɗa, ɗan hayaƙi kawai zan yi musu. Aikin minti goma ne."

Bai yi mata faɗa ba. Da ma ya yi, da ta fi jin sauƙi.

A ofis malamin daji ya ajiye mata takarda da biro.

"Tsoron rina ba laifi ba ne. Ni ma ina tsoronsu. Laifinki shi ne 'na gama'. Da wannan maganar na ɗauki mutum tara na nufi wani wuri. Rubuta abin da ya faru da hannunki. Zan haɗa da rahoton da zan aika makarantarku."

Ta rubuta, ba ta rage komai ba.

Da ta koma gida ta ce, "Inna, ba zan iya sake kallon idon Baba ba. Na bar aikin."

Inna ta ce, "To, ki bari mana. Shi tsohon sai ya sake dashen shi kaɗai ke nan?"

Da gari ya waye Auta ta ɗauki takalminta na aiki.

Sauran hutun duk tare da Baba ta yi shi. Suna cika leda da ƙasa, suna shuka iri, suna ban ruwa. Ba wanda ya yi mata dariya. Direba ma ya riƙa taya su ɗebo ruwa.

Da ruwan sama ya sauka, Baba ya kira ta filin. Ya nuna mata gindin wani ƙonannen kara. Ɗan ganye ya tsiro a jikinsa.

"Saiwar ba ta mutu ba. Na ƙirga arba'in irinsa. Sauran kuma za mu cike da waɗanda kika shuka."

Auta ta yi murmushi, ko da yake ta san shekara biyun Baba ba za su dawo ba.

Tun daga ranar ba ta ƙara cewa ta gama aikin da ba ta gama ba. In abu ya fi ƙarfinta, takan faɗa tun da wuri, ko da za a yi mata dariya. Ta gane kunyar faɗin gaskiya ta minti ɗaya ce, amma ɓarnar ƙarya tana daɗewa.