Wa Ya Ƙuje wa Mounira Hannu?

Hajiya Kouloussoum tana tsinke zogale a kicin ɗinta na unguwar Glenwood, a birnin Greensboro, sa'ad da ɗiyarta Mounira ta naɗe hannun riga za ta yi alwalar La'asar. Tsohuwar nan kuwa ba abin da ke wuce idonta. Daga gwiwar hannu har wuyansa fatar ta ƙuje, ta yi jawur.

"Ke! Mi ya same ki?"

Mounira ta yi maza ta saki rigar. "Ba komi, Mama. Faɗuwa na yi a wurin aiki."

"Wancan watan ma a wurin aiki kika faɗi, kika dinga ɗingishi. A farmasi kike aiki ko dutse kike hawa?"

"Mom, please — I'm fine!"

Hajiya ta tsani wannan Turancin, don ta lura ba ya fitowa sai in akwai ƙarya a bayansa. Zuciyarta ta tafi kai tsaye kan Faïçal, mijin yarinyar. Tun ranar ɗaurin aure shirunsa bai kwanta mata ba. Lumbu-lumbu wutar ƙaiƙayi!

Da ya zo ɗaukar matarsa, ya tsuguna a bakin ƙofa yana gaisuwa. Hajiya ta tare shi da tambaya.

"Faïçal, ɗiya na ba ka ko jaka?"

Ya ɗago a firgice. "Wallahi Mama ban taɓa ɗaga mata hannu ba."

"Bon. To mi ya ƙuje ta?"

Ya saci kallon Mounira, ita kuma ta girgiza masa kai, idonta ya ciko. Sai ya mai da kansa ƙasa.

"Ki yi haƙuri, Mama. Ba ni da bakin faɗa."

Kunyar suruka ce ta sa shi sunkuyawa, amma mai zargi ba ya ganin kunya, laifi kawai yake gani. Hajiya ta ce ranar Lahadi Alhaji Amadou, waliyyin yarinyar, zai zauna da dattawa, in babu amsa to ya sakar mata ɗiya. "Kuma ka tuna ƙasar nan akwai 'yan sanda!" Mounira ta fashe da kuka, amma bakinta bai buɗe ba.

Haƙurin Hajiya bai kai Lahadi ba. Da safiyar Asabar ta taso ƙanwarta Ramlatou, suka laɓe cikin mota kusa da gidan ma'auratan a East Greensboro. Can sai ga Faïçal yana loda kaya a bayan motarsa, Mounira ta shiga gaba.

"Kin gani ko? Gudu zai yi da ita! Bi su!"

"Yaya, in kasuwa za su fa?"

"Ki bi su na ce!"

Ba kasuwa suka nufa ba. Cikin gari suka shiga, inda aka tare tituna da shingen ƙarfe, jama'a sun yi cincirindo. Kafin Ramlatou ta samu wurin ajiye mota sun ɓace musu. Suna cikin kutsawa sai ga mata a kan kekuna sun taho a dunƙule kamar taron zuma, kafaɗa na gogar kafaɗa, suka sha kwana a kwance, suka ɓace bayan gini. Kafin Hajiya ta rufe baki sun sake zagayowa. Ramlatou ta tambayo, aka ce tsere ne na matan da ba sana'arsu ba ce, unguwa guda za su yi ta kewayawa har a kaɗa musu ƙararrawar zagayen ƙarshe.

"Yaya... dubi waccan mai baƙin hijabi ƙarƙashin hular kwano."

Dogon wando, riga mai dogon hannu. Uwa ba ta ɓata ɗiyarta ko a cikin dubu.

Suna isowa kwanar, tayar wadda ke gaba ta zame. Mutum uku suka zube, Mounira ta tafi suuu a kan kwalta da gefen hannunta.

"Mounira! Wayyo Mounira!"

Ita da ba ta taɓa kama sunan 'yar farinta ba don alkunya, yau ga shi ta kwarma shi a tsakiyar titi. Faïçal ne ya fara isa, da taya a hannu. Ya duba kanta, ya duba ciwon.

"Za ki iya, ko mu haƙura?"

"Zan iya!"

Ashe ka'ida ta yarda wadda ta faɗi ta koma cikin sahu. Ya sauya mata taya, alƙalin wasa ya ɗaga hannu, Faïçal ya tura ta. Yana juyowa ya yi ido biyu da surukarsa. Nan ya tsuguna a gefen titi, lanƙwasasshiyar taya a hannunsa.

"Da saninka?"

"Ni na saya mata velon, Mama. Ta sa na rantse ba zan faɗa ba. Bakinki take tsoro."

Hajiya ta tuna ranar da ta kyautar da keken yarinyar ana gobe kamu, ta ce matar aure a kan velo abin kunya ne, in ta sake hawa ba ta yafe ba. Ita ta daɗe da mantawa, ashe yarinyar tana nan da maganar a ƙirji.

Mounira ba ta zo ta ɗaya ba, a tsakiya ta ƙare, hannun riga jina-jina. Da ta hango uwarta sai ta saki keken ta durƙusa.

"Mama ki yafe mini!"

"Na yafe, na janye bakina, hau abinki. Amma ba ni za ki roƙa ba. Kina tsaye aka ce wa mijinki azzalumi, kika yi gum! Don ki ɓoye keke za ki kashe aurenki?"

Mounira ta juya ga Faïçal tana shassheka. Shi dai ya kama hannunta yana wanke ciwon, ya ce komi ya wuce.

Ranar Lahadi dattawa suka taru, kowa ya sha kunu, ana jiran a titsiye Faïçal. Sai Hajiya ta miƙe.

"Alhaji, ƙara na kawo, amma ƙarar kaina ce. Na yi wa yaron nan ƙazafi. Faïçal, ɗana, ka yafe mini."

Faïçal ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa na girgiza. Duk zagin da ya sha bai sa shi hawaye ba, sai wannan kalma ta "ɗana".

Zato zunubi ne, jama'a, kuma kaifin bakin iyaye shi ke koya wa 'ya'ya ɓoyo. Mai haƙuri kuwa, ko bai kare kansa ba, Allah yana da ranar da zai wanke shi a bainar jama'a.