Tsagar Kunnen Manasseh

"Wai ni, fankar esi ce ta cije ka a kunne?"

Miriam ce ta tambaya tana murmushi. Ranar Juma'a ce, sun taso daga coci sun zauna a wani shagon shayi a unguwar Mansura da ke Doha, rana na dukan titi kamar tana bin sa bashi. Manasseh ya shafa tsagar da ke kunnensa na hagu. Tun bara yake neman yarinyar nan, yana tsuke tumbi duk sanda zai gaishe ta, ashe kunne take kallo.

"Ba aiki ba ne, masoyiyata. Mama ce. Ni ɗan wabi ne."

"Ɗan wabi?"

"Uku aka haifa kafin ni, duk suka koma. Tsofaffi suka ce yaro ɗaya ne yake zuwa yana komawa, sai aka tsaga min kunne don in ji kunya in zauna. Ga shi na zauna har na fara furfura."

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Ƙabilarsu ɗaya, 'yar ƙarama ce a kan duwatsu, wadda in ka faɗi sunanta a Jos ma sai an ce ka maimaita. Shi mai gyaran esi, na'urar sanyaya ɗaki, ita nas a ɗakin yara na asibiti. Ranar da ya ji ta amsa waya da yarensu a cikin jirgin ƙasa, saura kaɗan ya durƙusa. Namiji in ya doshi arba'in babu mata, komai ya gani sai ya ce ishara ce daga sama. Mama kuwa tuni ta sanar da matan zumunta na coci cewa ɗanta ya samo 'yar gida a ƙasar Larabawa.

"Yayyen naka, yaya suke yi kafin su rasu?" Muryarta ta canja, ta koma ta asibiti.

"An ce hannu da ƙafa ke kumbura... ido ya yi rawaya... su yi ta kuka ba a san inda ke ciwo ba. Kin san garinmu, bayan kowane gida akwai ƙananan kaburbura."

"Na sani. A bayan namu biyu ne." Ta ture kofin gefe. "Manasseh, babu wani yaro mai zuwa yana komawa. Sikila ce. Muna auren junanmu, jinin yana zagayawa a cikinmu. Ni ina ɗauke da ita, AS ce ni. In kai ma haka kake..."

"Ni? Ni da nake hawa rufin bene a zafin Doha? Ko mura ba na yi!"

"Ni ma ba na yi. Ka je a gwada."

Ya je. Ya tafi yana wasa da mai ɗibar jinin, ya ce ya ɗiba da yawa, jinin duwatsu ne.

Da suka sake haɗuwa a bakin tashar Mansura, sakamakon gwajin na aljihunsa. Ya sa rigarsa mafi kyau, har da turare, kamar ado zai canja abin da ke cikin jijiya. Ta dube shi sau ɗaya, ta jingina da bango.

"AS," ta ce.

"Amma likitan ya ce yaro ɗaya cikin huɗu ne kawai zai kamu, zuciyata. Uku lafiya lau."

"Mamarka huɗu ta haifa. Nawa ta binne?"

Ya shafa tsagar kunnensa.

"Kullum ina riƙe da irin yaran nan," ta ce a hankali. "Akwai wanda ya kama rigata yana roƙo in cire masa ƙafar ya huta. Na wasu ne, ina iya komawa gida in yi barci. In nawa ne fa? In ya dube ni, ya gane na sani tun kafin in haife shi?"

"Allah yana nan, Miriam."

"Yana nan. Shi ya sa muka sani yanzu."

Mutane na fitowa daga tasha suna ratsa su. Manasseh ya lalubo abin da ya rage masa.

"To mu yi auren mu haƙura da haihuwa. Ke nake so, ba garke ba."

Ta ɗago ido cike da hawaye, kuma a cikinsu ya ga wani ɗan haske, irin na wanda ya daɗe yana jiran a faɗi hakan.

"Da gaske? Ni zan iya. Wallahi zan iya, Manasseh. Amma kai kaɗai ka rage wa Mama. Kira ta yanzu, ina tsaye. Gaya mata daga kanka gidan ya ƙare."

Ya ciro wayar. Ya nemo sunan. Babban yatsansa ya tsaya a kai.

Ta jira shi. Ta jira har fuskar wayar ta yi duhu a hannunsa.

"Ba komai," ta ce, tana share fuska da bakin gyalenta. "Ka gaishe ta."

Ta sauka cikin tashar. Bai kira sunanta ba.