Shuɗiyar Wayar da Ta Bi ta Rufi

Ku tsaya ku ji! Shugabar wata makaranta ce ta kai ƙara, wai tambayoyin jarrabawar da ta bayar a buga sun shiga hannun ɗalibai. Wanda ya buga kuwa mijina ne, Yatsu, sunan da suka sa masa don saurin hannu. Ina gida da ɗanyen jego aka jefa shi bayan kanta.

Sufeto ya taso ƙeyarsa da ankwa zuwa shagon kwamfutar da yake aiki, ya sa kurtu ya rufe ƙofa. Ba taga, fanka ta mutu, kowa sai gumi.

"Ba mai fita," in ji Sufeto. "Mai shago, ina tambayoyin suke?"

"A kwamfutarsa kaɗai, ranka ya daɗe."

"Oga, ka ji tsoron Allah," in ji Yatsu. "Kai ka buɗe foldar, ka ce duk kwamfutocin shago su riƙa gani, don ka gaji da tasowa kana kwafar aiki a filas."

"Yi mana shiru, ɓarawo!" in ji Sufeto.

Sufeto ya sa aka kashe sauran kwamfutocin, ya zauna zai kwashe fayil ɗin ya zama shaida. Kwamfutar ta ƙi. Ta rubuto wai fayil a buɗe yake a wani wurin.

"Wane wurin? Aljanu ne ke karatu?"

Ya duƙa ƙarƙashin tebur, da tumbinsa da komai. Kowace waya ta tafi kwamfutarta, sai wata shuɗiya da ta hau bango ta shige rufi.

"Wannan fa?"

Mai shago ya ce, "Ta malamin lesin da ke sama ce. Intanet kawai na ja masa."

Suka hau. Malamin ya tare ƙofa da murmushi.

"Ni talabijin nake kallo da ita, yallaɓai. Ina ni ina kwamfuta?"

Sufeto ya bi wayar da hannu har ƙarƙashin katifa. Ga kwamfutar tafi-da-gidanka, da zafinta. Yana ɗaga murfin, tambayoyin suka bayyana ɓaro-ɓaro. Ko rufe fayil ɗin bai yi ba, sakarai!

Malamin ya zube ƙasa. "Na ga folda a buɗe ne, na leƙa. Ɗalibaina sun sha faɗuwa, iyaye suna ta janye su."

"Ka bar bawan Allah a ɗaure kana sama kana jin motsinmu?" in ji Sufeto.

Nan take aka cire ankwar daga hannun Yatsu aka maƙala wa malamin. Mai shago ma aka ce ya biyo su ya yi bayanin ƙaryarsa.

Yanzu haka Yatsu na nan kan tabarma, jaririyarmu na barci a ƙirjinsa. Na ce ya miƙo ta in ba ta nono, ya ce in ɗan ƙara haƙuri. Har yanzu shatin ankwar na wuyan hannunsa.