Gidan Sauro Mai Ƙarnin Kifi

Ranar Laraba da ƙarfe goma sha biyu da rabi aka bugo waya caji ofis daga ƙauyen Punta Silang, a kudancin tsibirin Palawan. An ce an tsinci Aling Miding kwance a ɗakinta, jini yana zuba daga ƙeyarta. Sufeto Eliseo Magbanua ya ture farantin shinkafarsa, ya kira Saje Dalisay, suka hau mota.

Babu wanda bai san Aling Miding ba a wannan gaɓa. Shekara goma sha shida tana bin gida-gida da allura, ta soki yatsa, ta ɗiga jinin a ɗan gilashi, ta rina shi da shuni, ta duba a madubinta mai ƙara girman abu ko akwai ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. A farkon aikinta da wuya mako ya wuce ba a kai wani makabarta ba. Yanzu kuwa shekara uku ba kwana tara ba a sami ko mutum ɗaya mai ciwon ba. Idan kwana taran suka cika, hukumar lafiya za ta shelanta cewa yankin ya rabu da ciwon, motocin masu yawon buɗe ido su fara saukowa bakin teku. An riga an buga ƙyallen murna, har an yi rigima a kan wanda zai riƙe almakashi ranar bikin.

Sun iske motar asibiti ta tafi da Aling Miding. Nas Belen ce ta tare su a gindin matakalar gora, ta miƙa wa Sufeto wayarta.

"Yallaɓai, kafin ka hau, karanta wannan. Sha biyu saura ta turo mini."

Saƙon gajere ne: "Na ga ƙwayar. Mai tsananin ce, ta cika gilashin. Ki zo da allura yau."

"Jinin wa?" in ji Sufeto.

"Ba ta rubuta ba. Na kira, ba ta ɗauka ba, shi ne na taho na same ta a ƙasa."

"Yaushe za ta farfaɗo?"

"Wataƙila gobe, wataƙila jibi. Amma mai jinin nan ba zai jira ta ba. Irin wannan idan ta hau kai, kafin faɗuwar rana ana iya rasa mutum."

Sufeto ya duba agogonsa. Ƙarfe ɗaya da minti goma.

Ɗakin bai hargitse ba. Madubin yana nan a kan tebur, shi ne kuwa abin da ya fi komai daraja a gidan. Abin da babu shi ne akwatin gilasan jini da littafin sunaye. Kwalbar shuni ta faɗi ta malale a daɓen gora, kuma a cikin shunin akwai sawun ƙafa guda, babba, da yatsu biyar ɓaro-ɓaro.

"Ɓarawo mai tarbiyya," in ji Saje Dalisay. "Sai da ya tuɓe takalmi a ƙofa."

"Ba baƙo ba ne ke nan," in ji Sufeto. "Kuma bai zo da niyyar duka ba. Magana ya zo yi. Nas, wannan shunin yana fita?"

"Ko da toka aka goge, sai ya kwana huɗu."

Saje ta zazzage gwangwanin da Aling Miding take jefa allurar da ta yi aiki da ita a ranar. Goma sha biyar.

Kapitan Lacsamana, mai ƙauyen, ya iso yana share gumi da hankici.

"Kapitan, wa ke zazzaɓi a ƙauyenka?"

"Zazzaɓi? Yallaɓai, a wannan watan ko mura ba mu yarda da ita ba."

"Ita Aling Miding fa? Murna ce ta fasa mata kai?"

"Tsufa ne. Santsi ya kwashe ta."

"Santsin ya kuma tafi da littafinta. Tara mini duk wanda ta soka yau. Minti ashirin."

An kaɗa ƙararrawar coci. Mutum goma sha huɗu suka zo suna nuna yatsa, Nas Belen ta auna su ɗaya bayan ɗaya, duk jikinsu sanyi ƙalau. Na goma sha biyar bai zo ba. Da Sufeto ya tambayi taron ko akwai wanda ba a gani ba kwana biyu, sai kowa ya sami abin kallo a cikin teku. Ya fahimci abin da shirun yake nufi. Ba mugaye ba ne. Kowannensu ya riga ya gina wani abu a kan kwana taran nan, wannan ta sayi kujeru, wancan ya fente kwale-kwale.

Daga bisani wata tsohuwa ta ce ita dai ta ga Mang Crispin ya bi ta bayan gidan Aling Miding da sauri wajen sha biyu, rungume da kwando.

Mang Crispin shi ne mai mashayar da ke bakin teku, amma ba shi yake gudanar da ita ba. Shekara biyar da suka wuce, lokacin da sauro ne kaɗai ke zuwa shaƙatawa a wannan yashin, ya ba wani mai suna Arnel Sabando hayarta na shekara goma a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Tun da ciwo ya fara ja da baya yake cizon yatsa.

Sun same shi a tsakar gidansa yana korar ƙudaje daga kifin da ya shanya. Matarsa tana tsaye a taga.

"Ina ka je da sha biyu, Mang Crispin?"

"Coci, Yallaɓai."

"Ranar Laraba da tsakar rana? Da kwando?"

"Kyandir na kai."

Saje Dalisay ta sa hannu ta cire wani jan gashi daga kafaɗar rigarsa. "Kyandir ɗin naka yana cara?"

Mang Crispin ya saci kallon taga, ya rage murya. "Don Allah, Yallaɓai, a hankali. Faɗan zakaru na je bayan gonar kwakwa. Na yi mata rantsuwa na daina. Mutum talatin sun gan ni, sun kuma ga yadda aka yi wa zakarana."

"Tuɓe silifas," in ji Sufeto.

Tafin ƙafarsa babu komai sai kaushi.

"Ni in taɓa Miding?" in ji shi. "Ai ni da za ta samo ciwon nan da na yanka mata alade. Kamfanin motoci ya yi wa Arnel alkawarin kawo masa baƙi kullum da zarar an yi shela. Idan shela ta fasa, ba zai iya riƙe wurin ba, mashayata ta dawo hannuna. In bincike kuke so, ku binciko wanda ya sace mini gidan sauro. Kwana uku ina kai ƙara wurin Kapitan yana mini dariya."

Sufeto ya riga ya juya, sai ya tsaya. "Daga kan gado aka ɗauke?"

"Wane gado? Wa ke kwana a gidan sauro yanzu? Daga kan kifin nan. Ga shi ƙudaje suna biki."

A hanyar komawa mota Sufeto ya rage tafiya yana duban gidaje. Gidajen sauron da gwamnati ta raba duk suna nan, sai dai sun canza ma'aikata. Wasu sun zama katangar lambu, wasu kejin tsaki, wasu an yayyanka an yi komar kamun kifi da su.

"Saje, wanda yake son rufe kifi, guntu ya ishe shi, kuma guntaye ga su ko'ina. Wa zai saci cikakke, mai ƙarni?"

"Wanda zai rataya shi."

"A kan mutumin da ba ya son sauro ya cije shi ya kai wa maƙwabta. Ya san abin da ke ɗakinsa. Kira Nas ta biyo mu da allurarta."

Ƙarfe huɗu saura suka isa mashayar. An yi mata sabon rufin ganye, an jera kujeru ashirin suna fuskantar teku, babu kowa a kansu. Arnel Sabando yana goge kofuna a bayan kanta. Mutum ne mai faɗin ƙirji, idanunsa sun yi ja. A ƙafarsa akwai takalmi sau-ciki da safa, a kan yashin da ko kare yake ɗaga ƙafa don zafi.

"Sannu da zuwa, Yallaɓai. Ruwan kwakwa ko mai sanyi?"

"Ina matarka?"

"Luz? Ta tafi birni sayen kofuna."

"Yaushe?"

"Litinin."

"Kofunan nan da kake gogewa fa?"

"Ba su isa ba. Baƙi da yawa ne za su zo."

"A wace mota ta tafi?"

"Ta safe."

"Direban motar safe ƙanin mijina ne," in ji Saje Dalisay. "In kira shi?"

Kofin da ke hannun Arnel ya daɗe da bushewa, amma bai daina gogewa ba.

"Kuna sayar da busasshen kifi a nan?" in ji Sufeto.

"Haba, Yallaɓai. Baƙi ba sa son warinsa. Ɗanye kawai muke gasawa."

"To me ƙudajen can suke nema a ƙofar ɗakinka?"

Ɗakin kwanan yana manne da bayan mashayar, matakala uku ce tsakaninsa da yashi. Sufeto ya nufe shi ba tare da gaggawa ba. A gindin matakalar ya sunkuya ya kwance takalminsa, ya ajiye su a jere. Saje ma ta yi haka. Arnel ya sha gabansu da gudu, ya haye ya tare ƙofar, takalminsa yana zubar da yashi a kan tabarma.

"Babu komai a ciki sai kaya."

"Arnel, uwarka ba ta haifi wanda zai taka tabarma da takalmi ba. A gidan wata ma ka tuɓe, balle naka. Cire."

"Ƙafata ce take ciwo."

Daga cikin ɗakin aka yi wani nishi mai tsawo, sannan haƙora suka fara kaɗawa. Sufeto ya kama kafaɗar Arnel ya kawar da shi gefe.

Luz tana kwance a ƙarƙashin gidan sauro mai ƙarnin kifi, an soke gefunansa a ƙarƙashin katifa da kyau, yadda ake koyarwa a taron lafiya. Leɓenta sun tsage, idanunta sun yi ɗorawa. A gefen gado akwai kwanon jiƙon saiwa mai ɗaci da fakitin maganin ciwon kai. A ɗan yatsanta na hagu, audugar Aling Miding tana nan manne.

Nas Belen ta durƙusa ta ɗaure mata hannu, ta nemi jijiya. Sau biyu allurar tana kuskurewa. A na uku ta shiga.

"Luz, kina ji na? Faɗi sunana."

Da ƙyar leɓen suka motsa. "Belen."

"Ba ta hau kai duka ba," in ji Nas. "A kira mota yanzu."

A waje Arnel ya zauna a kan matakala ya cire takalmin da kansa. Tafin ƙafarsa ta dama shuɗi ne har tsakanin yatsu, fatar ta yi ja saboda guga. Saje ta zaro akwatin gilasai da littafin daga ƙarƙashin kanta, a bayan buhun gawayi.

"Kwana tara kawai nake nema, Yallaɓai," in ji shi. "Na ce zan riƙe ta da jiƙo har a yi shela, sannan in kai ta asibitin birni. Shekara biyar ina share wannan yashin ina jiran mutane. Yau na tafi sayen ƙanƙara, Aling Miding ta shigo ta baya don ba ta ga Luz a coci ba. Da na ga audugar na bi ta gida. Na roƙe ta, har na durƙusa. Ta ce mutuwa ba ta san kwana tara ba. Sai ta jawo takarda ta ce, 'Faɗa mini, ina Luz ta je kwanan nan?' Na ga ta fara rubutu. Na fizgi littafin, ta riƙe, na ture ta. Kanta ya bugi tebur."

"Kuma ka bar ta kwance a ƙasa," in ji Sufeto.

"Na bar ta."

Nas Belen ta fito tana goge hannu. "To ina ta je kwanan nan?"

"Wurin mahaifiyarta, a kan dutse, can gundumar kudu. Ta yi mako guda. Kwana goma sha biyu ke nan da dawowarta."

Nas ta dube shi. "Ka zauna har ƙarshen taron lafiya kuwa ko sau ɗaya?"

"Ina tashi idan an gama maganar gidan sauro. Ina da mashaya."

"Takardar da ta jawo gida biyu gare ta. Akwai ciwon da aka kama a nan, akwai wanda aka kwaso daga wani wuri. Na farkon ne yake fasa shela. Na Luz baƙo ne. Da ka amsa tambayar, da an yi mata allura tun azahar, kuma da babu abin da ya taɓa kwana taranka."

Aka fito da Luz a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, Arnel ya yunƙura zai bi, Saje ta riƙe shi ta sa masa ankwa.

"Yallaɓai, za a yi shelar ke nan?" in ji Arnel.

"Da alama za a yi."

"Motocin za su zo?"

"Za su zo," in ji Sufeto. "Mang Crispin zai tarbe su. Shiga mota."