Makwancin Malam

Ranar da Umara ya kai ni ganin gidan da ya saya mana muka yi faɗanmu na farko tun da aka ɗaura mana aure. A zauren mutane ma muka yi shi, ni ina karkarwa jikin bango, shi yana riƙe da takalmina ƙafa ɗaya da na yar a tsakar gida garin gudu.

"Ka sani, ka ɓoye mini," na ce da shi.

"Wallahi Rauda ban sani ba. Ɗaki na ɗauka... na rantse miki da Allah ɗaki na ɗauka."

Na yarda da shi, don Umara ko ƙaryar wasa bai iya ba. Amma yardar ba ta rage mini tsoro ba.

Watanmu tara ke nan a ɗakin haya a Zakirai. Umara gyaran injin ban ruwa yake yi, kuma hannunsa yana da kyau, sai dai iyayensa mutanen Barno ne da suka zauna a Kano, ba shi da gadon ko taki ɗaya a ƙasarmu. Mai gidan da muke ciki ya aiko cewa ɗansa zai yi aure bayan ƙaramar salla, yana son ɗakinsa. Bai yi mana wulaƙanci ba, wata uku cur ya ba mu.

To a wajenmu ina fili yake? Gona tana jikin gona, gida yana jikin gida, ɗan abin da ya rage a bakin titi kuma mutanen birni sun zo sun tsauwala masa kuɗi. Abin da Umara ya tara, har da ragona biyu da na sa aka kai kasuwa, ko kangon fili bai isa saya ba.

Ga kuma Kawu Ja'afaru, ƙanin mahaifiyarsa, da ke noman shinkafa can Mutum Biyu a jihar Taraba. Kullum sai ya bugo waya: Umara ya tattaro ya taho, gida na nan da rijiyarsa ba kowa ciki, injina kuwa sai ya gaji da gyara. Tafiya ce ta yini guda a mota, in an yi sammako.

Ni kuwa Inna ce ta ɗaure ni. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinta na hagu ya shanye, kuma ni kaɗai ce 'yarta mace. Matan yayyena suna ƙoƙari, Allah ya saka musu, amma Inna ba ta yarda kowa ya yi mata wanka sai ni. Kullum da hantsi nake ratsa gonaki in je ƙauyenmu, in wanke ta, in shafa mata mai, in taje mata kai, in dawo kafin azahar.

Umara ya san da haka, shi ya sa ranar da ya ce in azumi ya raba ba mu sami gida ba sai dai mu bi Kawu, ƙasa yake kallo. Daga ranar, ko wayarsa ce ta yi ƙara sai gabana ya faɗi.

Ana haka wani dillali ya kai shi gidan wata tsohuwa, Iya Safiyatu, a ƙarshen gari ta yamma, wato ta wajen ƙauyenmu ma. Ginin ƙasa ne amma mai ƙwari, ɗaki biyu da zaure da rijiya. Kuɗin da ta faɗa ya yi arhar da ya kamata mai hankali ya tsaya ya yi tambaya. Mijina bai tsaya ba. Ya ɗebi shaidu, aka je gaban mai unguwa, tsohuwa ta sallama da sharaɗi ɗaya tak: gida duka nasa ne, makwancin Malam kawai za a bar mata yadda yake, kar a taɓa, in ta zo gari ta shiga ta share.

Shi kuwa ya hango wani ɗan gini can ƙurya mai ƙofar langa-langa, sai ya ɗauka ɗakin da marigayi mijinta yake kwana ne, da 'yan littattafansa a ciki. Har da saurinsa ya ce ba komai, ko kullum ma ta zo. Shaidun duk 'yan gari ne, kowa ya san zancen, ba wanda ya kawo a ransa cewa mai saye bai gane ba.

Mutum ya yi shekara talatin yana zuwa ta'aziyya yana jin ana cewa Allah ya haskaka makwancinsa, amma ranar da ya fi buƙatar tuna wannan, sai tunaninsa ya tafi ga katifa da matashi.

Da muka je Iya ba ta nan, ta shiga maƙwabta. Na yi ta zagaye tsakar gida kamar sabuwar amarya, ina nuna masa inda zan kafa murhu da inda kaji za su kwana. Na ce wannan ɗan ɗakin na ƙurya in tsohuwa ta yarda ai ya yi wajen ajiye hatsi. Na tura ƙofar.

Babu rufi. Babu gado. Tudun ƙasa ne dogo, an jera masa fasassun tukwane a gefe, an share kewayensa tas har ana ganin sawun tsintsiya.

Ban san lokacin da na kai zaure ba.

Ni dai in faɗi gaskiya, matsoraciya ce ta ƙin ƙarawa. Tun ina yarinya in aka wuce da makara ta ƙofar gidanmu, ranar ba ni ba abinci. Da Babanmu ya rasu sai da na shekara ban taka ɗakinsa ba, shi da nake so kamar raina. Yanzu a ce in yi girki, in yi wanka, in haifi 'ya'ya, ga kabari taku goma daga ƙofar ɗakina?

Umara ya durƙusa ya sa mini takalmin da hannunsa.

"Ba zan ajiye ki inda ranki bai kwanta ba, masoyiya. Mu je a warware cinikin, in kira Kawu."

Da ya yi mini tsawa ma da ya fi mini sauƙi. Kwana uku na yi na kasa yanke shawara. In na tuna tudun ƙasar nan tsikar jikina ta tashi, in na tuna Mutum Biyu Inna ta faɗo mini a rai. Umara ya yi ta yawo wajen dillalai ko za a dace da wani, ya dawo da ƙura har gira, ba labari.

A rana ta uku ina yi wa Inna wanka na gane zancen ya riga ni zuwa. Da na gama shafa mata mai, sai ta juya fuska wajen bango. Maganarta ba ta fita sosai tun da ciwon ya same ta, amma wannan na ji ta sarai.

"Ki bi mijinki, Raudatu. Ni na yafe."

Bakinta ne ya faɗi haka. Hannunta mai lafiya kuwa ya damƙi bakin zanina, ta riƙe gam, kuma na tabbata ita kanta ba ta san ta riƙe ba. Sai da na ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya kafin in tashi. Na yi kuka tun daga ƙofar gida har na fita daga gonakin ƙauyenmu.

Duk da haka tsoro ya rinjaye ni. Da la'asar na ce da Umara ya ɗauko takardar cinikin, mu je wajen tsohuwa.

Mun same ta tana ɗaure kwanuka a tsumma. 'Yar ƙaramar mace ce, idonta ya fara yin fari. Umara ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe dai ya faɗi kuskuren da ya yi. Na zaci za ta yi dariya ko ta yi faɗa. Sai kawai ta saki tsumman ta zauna a kan turmi.

Ta ba mu labari a hankali. Shekara ashirin da uku da suka wuce Malam ya rasu a tsakiyar damina, shekarar da ruwa ya cinye hanyar maƙabarta, dole aka rufe shi a gidansa. Tun daga nan ba ta taɓa kwana a wani wuri ba. Yanzu ɗanta ya matsa sai ta koma wajensa a birni saboda idon, ita kuma ba ta da bakin musu. Mutum huɗu sun taya gidan da ninkin abin da Umara ya bayar, amma duk cikinsu ba wanda bai yi zancen rushewa da jera shaguna ba.

"Da yaron nan ya ce ko kullum in zo," in ji ta, "sai da na shiga ɗaki na yi sujada. Na ce Allah ya kawo mini wanda zai bar mini shi."

Umara ya sunkuyar da kai. Ta miƙo hannu ya ba ta takardar, ta ce ba komai, gobe a koma wajen mai unguwa, ba a zaman dole. Sannan ta juyo wajen da ta ji numfashina.

"Tsoro ba laifi ba ne, 'yar nan. Ni ma shi nake ji. Ban san yadda ake tashi da safe a garin da ba ya nan ba."

Maganar ta sauka mini a ƙirji. Ni kaɗai a wajen na san abin da take nufi, don ni ma abin da nake shirin yi ke nan, kuma tawa uwar da ranta.

Na ji muryata tana tambaya, kamar ba ni ba: "Iya, da wace tsintsiya ake sharewa?"

Ta nuna bayan randa.

"Rauda, ba dole..." Umara ya fara.

"Ka zo ka tsaya a bakin ƙofar. In ka motsa daga wajen, wallahi sai dai a rufe mu mu biyu, ni da kai."

Ya zo ya tsaya, ya dafe ƙyauren da hannu biyu kamar wani zai ƙwace masa. Iya ta dafa kafaɗata muka tafi tare. Ta ce in yi sallama, na yi, muryar ko ni ban ji ta ba. Ta ce daga wajen kai ake farawa a gangaro, kar tsintsiya ta hau kan tudun, ganyen da ya faɗa sama da hannu ake tsincewa.

Na sunkuya na fara. Ina jin kamar in na ɗaga ido zan ga abin da zai haukata ni. Ban ga komai ba sai busassun ganyen darbejiya da tururuwa suna harkar gabansu. Tsoron dai bai tafi ko'ina ba, da shi na kai ƙarshe.

Da na miƙe, Iya ta lalubi hannun Umara ta mayar masa da takardarsa. Hawaye na bin tamojin fuskarta, ta juya wajen tudun ƙasar, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda mace ke yi wa mijinta.

"Malam, ga masu gida na samo maka. Yarinyar matsoraciya ce ƙwarai... amma ka ga ta shigo."